Ja da Kore a Idon Babanki

Gummi, ranar Alhamis

Zuwa ga ɗiyata Luba,

Da sunan Allah na fara, tare da gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, kin yi sallah, kin ci abinci, kin huta gajiyar mota. A ƙarƙashin ledar ƙuli-ƙuli na sa ta, don na san nan hannunki zai fara zuwa. Allah Ya tsare mini ke a hanya, musamman tsakanin Anka da Gusau, Ya haɗa ki da mutanen kirki a inda kika sauka.

Innarki ba ta iya riƙe magana ba, kin sani. Ta faɗa mini abin da kika ce mata a madafa: wai za ki je ki yi musu wata guda a wurin aikin zanen nan da suka ɗauke ki, sannan ki ba su haƙuri ki dawo kafin Sallah, don lokacin ne aikin hula ke yi mini yawa, kuma ba wanda zai zaɓa mini zare. Ban ce miki komai ba, don in na buɗe baki a gabanki dariya kike ba ni, maganar ta watse. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ba na so ki bar aikin nan saboda ni. Ki karanta har ƙarshe kafin ki fara gardama da takarda.

Bari in fara daga Bukkuyum, inda ban taɓa ba ki labarin duka ba. Ina da shekara ashirin da wani abu, ina ɗinkin hula a rumfar Kawu Bello, ƙanin tsohuwata. Wata rana wani Arɗo daga wajen Gwashi ya zo ya ce yana son hula ƙube koriya, irin ciyawar farkon damina. Kawu ya zaɓo zare ya miƙo mini, ya ce wannan aikin nawa ne daga farko har ƙarshe. Luba, ranar ko ƙasa ban taka ba don murna. Na yi rabin hula zare ya ƙare. Maimakon in gaya wa Kawu, sai na ruga wurin mai zare, na ɗauko wanda idona ya ce mini shi ne, na ƙarasa aikina a ɗaki, na wanke, na goge, na naɗe a takarda.

Arɗo ya buɗe a gaban jama'a. Ya juya ta nan, ya juya ta can, sannan ya ce, "Mai hula, wagga hula ta damina ta ko ta rani? Gehe guda ciyawa ta tsiro, gehe guda gobara ta ci."

Rabinta kore ne, rabinta ja wur. Kowa na dariya, ni kuwa ina kallon hula ban ga abin dariya ba, don a wurina launi guda ce tun daga baki har tsakiya. Abin da na yi a nan shi ne ke ba ni kunya har yau. Na ce mai zare ne ya ba ni a cikin duhun rumfa. Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba, Kawu ya je ya wanke shi tas, har ya daina sayayya a wurinsa. Kafin in yi ƙarfin halin neman gafarar mai zaren, ya bar garin.

Ke ma za ki yi kuskure a wurin aiki, ba makawa. Kuma ke kina da abin ɗora wa laifi wanda ba ya iya kare kansa, wato kwamfutarki. Kada ki ce ita ce. Kada ki ce mai buga takarda ne, ko wanda ya aiko da hoton. In naki ne, ki ce nawa ne, tun kafin a fara neman mai shi. Kunyar ba ta wuce yini guda.

Da yamma a ranar Kawu ya kira ni, ya ɗaga zare biyu, ya ce, "Umaru, wanne aj ja cikin waɗanga?" Ya so ya gane. Ni kuwa na yi bisimilla a zuciya na nuna na hannun dama, sai kuwa na dace. Kawu ya yi ajiyar zuciya ya ce to gaggawa ce ta ja mini. Na koma ɗaki ina murna na tsira, ban san na rufe wa kaina ƙofa ba ne. Da na ce masa, Kawu, wallahi duk ɗaya nake ganinsu, da ya nemo mini dabara tun a lokacin, don mutum ne mai haƙuri. In an tambaye ki abin da ba ki sani ba, kada ki yi canki, ko da za ki dace.

Da na dawo Gummi na kafa rumfata, sai na yi wa kaina shinge. Shuɗi, fari, baƙi, ruwan ɗorawa, su kaɗai nake taɓawa, don su idona ba ya yi mini ƙarya a kansu. Shekara takwas ina haka, har aka sa mini suna Umaru Mai Shuɗi. In mutum ya ce yana son ja, sai in gyara zama in ce ja ba ta mutunci ba ce. In ya ce kore, in ce ta fita yayi. Na kori mutane da yawa da wa'azin ƙarya, har wasu suka ɗauka tsantseni ne. Tsoro ne kawai. In kin ga kina kushe wani aiki tun ba ki taɓa shi ba, ki tsaya ki tambayi kanki ko tsoronsa kike ji.

Innarki ce ta rushe shingen, kuma cikin wata uku da aurenmu. Sallah ta matso, na tambaye ta wace irin atamfa take so, ta ce mai ruwan hoda. Na je kasuwa na zaɓo da kaina, na shigo gida ina taƙama. Ta buɗe ta duba, sannan ta ce, "Malam, mi kas sawo min?"

Na ce, "Abin da kic ce."

Ta ce, "Ruwan hoda nic ce maka. Wanga ai ruwan toka na. Takaba ni ka yi?"

Na fara kame-kame, na ce hasken kasuwa ne. Washegari ta aje mini faifan tumatir a gabana, ta ce hannunta da kwaɓi, in taimaka in ware mata nunannu. Na zauna da gaske, ina latsawa ina shinshinawa, na tara mata tsibi. Ta leƙo ta gani. Luba, ban taɓa ganin mutum ya yi dariya irin ta ranar ba. Ta zauna a ƙasa, ta riƙe ciki, hawaye na zuba, tana cewa, "Ashe ba rowa ta ba! Ni ina ta kuka na auri marowaci, ashe idanu na!" Ta ɗauka atamfar mai araha na zaɓo mata da gangan. Ni ina jiran raini, ita kuwa sauƙi ta samu.

Daga ranar ta karɓi akwatin zarena. Ja ta yi masa ƙulli ɗaya a baki, kore ƙulli biyu, ruwan makuba uku, haka har ta ƙare. In za a yi hula, ita ke jera launukan a kan tabarma ta ce wannan ya hau da wannan, ni kuma in ɗinka. Sunan da na yi a garin nan da haɗin launi, har ake zuwa daga Anka ana nemana, rabinsa nata ne, kuma ban taɓa faɗa a gaban mutane ba. In kin yi aiki da wani a can aka yaba, ki ambaci sunansa tun yana wurin.

Amma a nan ne kuma na yi kuskuren da ya fi duka girma. Na sa ta ta yi mini alkawari ba za ta gaya wa kowa ba, ko 'yan'uwanta. Na ce mai hular da ba ya ganin launi, wa zai kawo masa aiki? Ta riƙe. Da idonta ya fara yana, har ja da ruwan goro suka fara rikice mata ita ma, sai muka kira ki ɗaki muka ɗora miki, kina da shekara goma sha bakwai. Kin karɓa da murna, kina jin an ba ki sirrin manya. Ko da kika tafi makarantar kwamfuta, duk bayan mako biyu kina kan hanya, ki zo ki ɗaure mini zare ki koma, 'yan'uwanki ɗalibai suna hutawa. Ni kuwa ina ta yi wa mutane alfahari cewa ɗiyata ba ta iya nisa da gida. Ban ga nauyin da na aza miki ba sai da Innarki ta kawo mini maganar madafa.

Yanzu bari in zo kan abin nan naki da kike ce wa manhaja. Kin tuna ranar da kika fara nuna mini? Kika buɗe kwamfuta a zaure, kika ce kin rubuta mata umarni, in aka ba ta launi ɗaya za ta fito da huɗu da suka dace da shi. Kika nuna mini wani zagaye kamar faifai, kika ce duk launukan duniya suna jere a bakinsa, kowanne da lambarsa. In ta ɗauki ɗaya, sai ta tsallaka ta ɗauko wanda ke fuskantarsa, don shi ke fito da shi fili, sannan ta ɗauko maƙwabta biyu su kwantar da rikici, ta ƙara da ɗaya mai haske ko mai duhu. Shuɗi yana fuskantar ruwan goro, kika ce. Na ce to ja fa, wa yake fuskanta? Kika ce kore. Wato su biyun da suka fi kowa nisa da juna a faifan, su ne tagwaye a idona. Muka yi dariya har Innarki ta aiko a tambayi lafiya.

Bayan dariyar kuma sai na yi fushi, kin tuna. Na ce inji ya san hular ango? Ya san ta liman? Kwana uku ina amsa gaisuwarki da ka. Gaskiyar magana kishi ne, na ga abin da ya gagare ni shekara arba'in, akwatin roba yana yinsa kafin a ƙifta ido. Ke kuwa ba ki kula ni ba. Kika ɗauki hoton kowane ƙullin zare da lambar kamfani da ke jikin takardarsa, kika zuba a ciki, kika bugo mini haɗi sittin a takarda, kowane layi lambobi biyar. Hular farko da na yi da layi na bakwai, shuɗi mai duhu da ruwan goro da ruwan madara, ko rataye ta ban gama ba wani malamin makaranta ya ɗora a kansa ya ƙi cirewa. Za ki haɗu da tsofaffi irina a wurin aiki, masu hura hanci in sun ga sabon abu. Kada ki yi musu gardama. Ki yi aikin ki aje a inda za su gani, kamar yadda kika yi mini.

Sai dai ita ma manhajar taki ta taɓa kai ni ta baro, ko in ce ni na kai kaina. Lokacin da ake ta hayaniyar zaɓe kina makaranta, na ɗauki layi na ashirin da uku ban tambayi kowa ba, na ɗinka hula, ta yi mini kyau a ido, na ce wannan tawa ce. Na saka na fita ranar kasuwa. Tun daga bakin tasha ake ɗaga mini hannu ana kirari, wasu kuma da muke gaisawa kullum suka ɗauke kai. Wani dattijo ya tare ni ya ce, "Umaru, kai ma ka koma?" Ashe launukan tutar wata jam'iyya ne cif-cif na ɗora a kaina, ni da ko taronsu ban taɓa zuwa ba. Har gida aka biyo ni da fosta.

To ki riƙe wannan da kyau, don a nan aikinki yake. Kwamfuta ta san launin da ya hau da wani, amma ba ta san gari ba. Ba ta san abin da ake sawa a gidan rasuwa ba, ba ta san abin da dattijo zai ji kunyar ɗorawa a ka ba, ba ta san tutar kowa ba. In ta ba ki haɗi, ki tambaya wa zai sa, ina za a kai, su wa za su gani. Kuma ki fita da shi rana. Ke da kanki kin ce abin da gilashin kwamfuta ke nunawa daban yake da abin da ke fitowa a yadi. Mu ma tun da can mun san zaren cikin rumfa daban yake da zaren bakin ƙofa.

Kuma ki riƙa tunawa da irina. Kin ce kin karanta cewa muna da yawa, galibi maza, har kika tsokane ni cewa ɗanki na iya gadona. An taɓa kawo mini katin walimar wani aminina, rubutu ja a kan takarda koriya. Na juya gaba na juya baya ban ga komai ba, na ce wannan wace irin takardar banza ce, na naɗe allurai a ciki. Bai yi mini magana ba har wata biyu. In za ki yi wa mutane allon asibiti ko takardar magani, ki sa a ranki akwai wani Umaru da zai tsaya a gabansa, kuma ba zai yarda ya tambaya ba. Ki koya wa manhajar taki ta riƙa yi miki gargaɗi a kan wannan. Na san za ki iya.

Na san abin da za ki ce yanzu, ina jin muryarki. Za ki ce, Baba, takardar lambobi ba ta isa ba. In mutum ya zo da ƙyallen shaddarsa ya ce a yi masa hular da za ta hau da ita fa? Gaskiyarki. Shekara da shekaru ina cewa a bar ƙyallen a dawo gobe sai na yi nazari, nazarin kuwa ke ce. Wannan ne ya sa kike son dawowa, kuma wannan ne ya sa na yi abin da na yi shekaranjiya.

Bayan la'asar, rumfa ta cika. Malam Sahabi, wanda muke zaune kafaɗa da kafaɗa muna ɗinki tun kafin a haife ki, yana nan. Mai zarenmu yana nan, da masu wankin hula biyu, da 'yan zaman hira. Na aje allura, na yi gyaran murya, na ce jama'a ina da magana. Na ce ni Umaru, tun da uwata ta haife ni ban taɓa bambance ja da kore ba. Duk hular da kuka yaba, matata da ɗiyata ne suka zaɓi zarenta. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya.

Sai na ji Sahabi ya ciji zare ya tofar, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "To, sai mi? Ita ta maganar?"

Na ce, "Ita ta."

Ya ce, "Umaru, mu ai mun san wanga tun Luba ba ta zo duniya ba. Mun zaci wani abu na yaf faru."

Mai zare ya fashe da dariya ya ce, "Malam Umaru, shekara nawa kana nuna min ja da yatsa kana hwaɗin a ba ka tsanwa? Ni bakinka ni ka bi, ban bin yatsa." Sahabi ya ce sau nawa ina tashi alwala yana musanya mini zare a faifai, in dawo in ci gaba da ɗinki ina waƙa. Na ce to don me ba ku taɓa faɗa mini ba? Ya ce, "Kai ba ka hwaɗi ba, mu mi za mu ce? Mun ga kana jin daɗin ɓoyonka."

Na yi dariya, na yi kuka, duk a zama ɗaya, a gaban masu wankin hula. Shekara arba'in ina tsaron ƙofa, ashe kowa na ciki yana gyara mini shimfiɗa. Da na gaya wa Innarki ta ce a mayar mata da alkawarinta, ta yi asarar gulma mai daɗi shekara talatin a banza.

Jiya wani ya kawo ƙyallen shadda. Ban ce ya dawo gobe ba. Na miƙa wa Sahabi a gabansa, na ce duba mini wannan. Ya kara shi da zare ya ce makuba ce, ya faɗi lambar. Na buɗe takardarki na nemo layin da ya fara da ita, na karanto sauran huɗun, mai zare ya miƙo. Mai shadda ya ce kai, aikin nan naku ya zama na zamani. Har na fara bakin hular da safen nan, kuma Sahabi ya ce ta yi.

Saboda haka ba ki da sauran hujja. Ki zauna ki yi aikinki, ki koyi abin da za su koya miki, ki nuna musu abin da kika iya. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki nemi gidan ƙanwar Innarki duk ranar hutu, kada ki hau babur ɗin da ya fiye gudu, kuma ki ci abinci, kwamfuta ba ta ƙoshar da kowa. In na gan ki a Gummi kafin Sallah, to ya zama da takardar hutu a jakarki da ranar komawa.

Innarki tana gaishe ki, ta ce man shanun da ke cikin kwalba na ci ne, kada ki rabar. Sahabi da mutanen rumfa duk suna gaisuwa. Allah Ya yi miki albarka, Ya kare ki daga sharrin hanya da na mutum, Ya sa ki gama da duniya lafiya, Ya dawo mana da ke cikin aminci duk lokacin da za ki zo.

Shekara bakwai kina ara mini idonki, Luba, ba ki taɓa nuna mini kin gaji ba. Na gode. Yanzu ki tafi da abinki ki yi aikinki da shi.

Ni ne babanki,
Umaru mai hula